Kyanwata Ta Daina Cin Abinci, Me Zan Yi?

Ka ce tun jiya kyanwarka ba ta taɓa kwanonta ba. Fara duba bakinta: dasashi ja jawur, dalalar miyau ko wari na nuna ciwon haƙori ko gyambo. Sai hanci. Kyanwa da ƙamshi take cin abinci, in majina ta toshe shi ba za ta ci ba. Goge mata da tsumma mai ɗumi, ka ɗan ɗumama abinci mai laushi, ka ba ta cokali ɗaya a wurin da ba hayaniya. Kada ka ɗura mata, tana iya shaƙewa.

Ja fatar bayan wuyanta ka saki. In ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinta ya ragu.

In ta cika awa 24 ba ta ci ba, ko awa 12 in jaririya ce, kai ta wurin likitan dabbobi. Kwana 2 zuwa 3 na yunwa kan sa kitse ya taru a hanta, musamman ga mai ƙiba. Muzurun da ke ta yunƙurin fitsari amma fitsarin ba ya fita kuwa, a garzaya da shi yanzu.

Don Allah kada ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.