Lambar 0844 a asibitin unguwa a Ingila: wa ke cin kuɗin kiran?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila da 'ya'yana. Na kira asibitin unguwarmu don neman ganin likita, a lambar da na gani jikin wata takardarsu mai farawa da 0844. Na'ura ta ɗauka ta ce in jira, kafin mutum ya amsa katin fam 10 da na sa ya ƙare. Me ya jawo haka, kuma da wata hanya mai sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba mai jiki lafiya. Wayarki ƙalau take, lambar ce ta cinye miki kati.

A Birtaniya, lambobin da ke farawa da 01 da 02 su ne na gari, kamar 020 na Landan ko 0161 na Mancesta, kuma yawanci suna cikin mintocin da mutum ya riga ya saya. Masu farawa da 084 da 087 kuwa nasu tsarin daban ne. Tun 1 ga Yuli 2015 hukumar sadarwa ta Ofcom ta raba kuɗin kiransu gida biyu. Akwai kason kamfanin wayarki, wanda shi ke yanka abin da ya ga dama, a wasu layukan salula yana haura kwabo 50 (wato rabin fam) a minti. Akwai kuma kason da ke tafiya ɓangaren wanda aka kira, wanda a lambobin 084 ba ya wuce kwabo 7 a minti. Mu ƙaddara kamfaninki na karɓar kwabo 55, a ɗora 7: minti 20 ya tashi fam 12 da kwabo 40 ke nan. Kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da na'ura ta ɗauka, ba lokacin da ma'aikaciya ta ce miki sannu ba.

Wancan kason na ɓangaren wanda aka kira shi ne asalin maganar. Kamfanoni sun riƙa zuwa wa asibitocin unguwa, waɗanda ake kira GP, da tayin sabbin na'urorin waya masu jera masu kira a layi, kusan ba tare da asibitin ya fitar da kuɗi ba. Sharaɗin shi ne ya koma lambar 084 ya sa hannu a kwantiragin shekaru, kamashon kowane kira ya riƙa biyan kuɗin na'urar. A yi wa likitocin adalci, akasarinsu ba aljihu suka sa kuɗin ba, kuma na'urar ta rage matsalar nan ta a kira a ji layi a cike. Amma ni dai ban taɓa ganin hujjar ta gamsar ba. Hukumar lafiya ta NHS an kafa ta a 1948 a kan cewa ba a biyan kuɗi a lokacin neman magani, sai ga shi mara lafiya ne ke saya wa asibiti waya. Abin da ya fi ci mini rai, nauyin ya fi faɗawa kan wanda ba shi da wayar girke, wanda ke sa kati kaɗan-kaɗan, da tsoho mai ciwon suga ko hawan jini da dole ya kira a kai a kai. Kuma iya daɗewarsa a layi, iya kuɗin da ke shiga.

Gwamnati ta hana asibitocin NHS amfani da 087 a 2005, sai da yawansu suka koma 0844. A 2009 Ma'aikatar Lafiya ta ce wannan ma ba za ta saɓu ba, kuma daga Afrilu 2010 aka sa a kwantiragin likitocin unguwa na Ingila cewa kada kiran asibiti ya fi kiran lambar gari tsada. Masu tsohuwar yarjejeniya aka ba su zuwa Afrilu 2011 su gyara. Wasu sun ja ƙafa na shekaru, suna fakewa da cewa daga wayar girke bambancin ba yawa, amma a yau mafi yawa sun bar 084.

Shi ya sa nake zargin takardar hannunki tsohuwa ce. Kafin ki sake kira, duba sunan asibitin a shafin NHS na intanet, ko ki tambayi masu karɓar baƙi lambarsu mai farawa da 01, 02 ko 03. Ita 03 Ofcom ta fito da ita a 2007 saboda irin wannan matsalar: kuɗinta daidai yake da na lambar gari, tana cikin mintocin da kika saya ko da a salula ne, kuma an haramta raba kamasho a kanta. An ware 0344 da 0345 don masu barin 0844 da 0845, saboda haka kina iya mayar da 8 ta zama 3 ki bar sauran lambobin yadda suke. Idan asibitin ya yi wannan sauyin, kiran zai shiga. Akwai kuma shafin SayNoTo0870, inda jama'a ke tara lambobin gari na wuraren da ke amfani da masu tsada.

Wani lokacin ma kiran bai zama dole ba. Da manhajar NHS App kina iya neman a sabunta miki magani, ki ga sakamakon gwaji, a asibitoci da yawa har ki nemi ranar ganin likita. Na'urorin waya na yanzu kuma sukan ba da zaɓin a riƙe miki gurbinki a layi su kira ki. In kin ji wannan, ki danna ki ajiye wayar. Idan ciwo ya matsa kuma asibiti a rufe, lambar 111, ta neman shawarar lafiya a NHS, kyauta ce dare da rana. Abin da ya shafi rai kuwa, lambar gaggawa ta 999 kai tsaye.

In kika tarar 0844 ce kaɗai lambarsu, kuma asibitin na NHS ne a Ingila, kada ki yi shiru. Rubuta wa manajan asibitin, ki faɗi ranar da kika kira da abin da aka cire miki, ki tuna masa sharaɗin 2010. In bai yi komai ba, kai ƙorafin ga hukumar lafiya ta yankinku, wadda ake kira ICB, ko ki nemi Healthwatch ta garinku, ƙungiyar da ke tsaya wa marasa lafiya, ta nuna miki hanya. Asibitin kuɗi shi wannan sharaɗin bai hau kansa ba, sai dai wajibi ne ya rubuta nasa kason na kowane minti a duk inda ya tallata lambar.