Ki fara ɗauke akwatin kafin ki fara neman takardu

Salamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don matsalar gidanmu ce sak. Kin ce kakanki ya yi aikin haƙar kwal a Inugu, ya bar fitila da hular kwano da wata 'yar lambar tagulla da hoto ɗaya, kina so ki gano ramin da ya yi aiki da yadda za ki adana kayan. To kafin komai ki sanar da babban gidanku, ki ɗauke akwatin da kayan ke ciki daga ɗakin da kowa ke shiga ki sa masa kwaɗo, yau ɗin nan ba sai gobe ba.

Namu kakan na wajen uba can ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tura kwal a cikin rami, ya dawo Zariya a 1966 lokacin da rikici ya sa 'yan Arewa suka baro Gabas, ya sauka a tashar jirgi ta Sabon Gari da iyali da adaka ɗaya tak, da tarin da bai sake shi ba har ya koma ga Allah. Kakarmu ce ta riƙe adakar nan a ƙarƙashin gadonta, duk sallah sai ta fito da fitilar ta goge. Tana rasuwa, ko sadakar arba'in ba a yi ba, wani baffanmu ya kira 'yan gwangwan wai ana share ɗaki za a sa haya. Fitila, hula, lamba, har adakar kanta, aka ɗora a sikeli aka ba shi abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Takardun ciki kuwa da katin aiki da wasiƙun ajami, yara ya sa suka ƙona a bayan gida wai gara ta ci su. Na zo na tarar da toka, na tsaya a tsakar gida ina kuka kamar ranar ne aka yi mutuwar, shi kuma yana zaune a kan tabarma yana ce min wai meye abin kuka a kan tsohon ƙarfe, ai ba gona ba ce ba gida ba. Ubansa ne fa! Na bi layin masu gwangwan ina tambaya, suka ce mota ta riga ta kwashe. Har yau ina durƙusawa in gaishe shi saboda zumunci amma Allah ya ga zuciyata, kuma abin da ya fi min ciwo babu wanda ya ce masa don me a duk gidan.

Lambar nan taki kada ki raina ta. Da irinta mahaƙi ke karɓar fitila, da ita kuma ake sanin wanda ya shiga rami da wanda bai fito ba, don haka lambar da ke jiki ta fi suna amfani wajen bincike. Akawunan lokacin ba sa rubuta sunayenmu daidai, Muhammadu ya koma Momodu, Garba ya koma Garuba, sau da yawa kuma sunan gari ake liƙa wa mutum maimakon na ubansa. Ki nemi duk sunan da aka taɓa kiran kakanki da shi har da laƙabi.

Kuma ramin ba ɗaya ba ne, akwai Ogbete, akwai Iva Valley, Onyeama da Okpara. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, a 1916 layin dogo ya haɗa wajen da Fatakwal, hukumar kwal ta ƙasa kuma a 1950 aka kafa ta, to shekarar da ya je ita za ta nuna miki inda za ki duba. Ki tambayi tsofaffinku ko yana can ranar 18 ga Nuwamba 1949 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley kan rikicin albashi. Kakarmu da wannan ranar take lissafin shekarun 'ya'yanta, wane an haife shi kafin harbi, wance bayan harbi.

Tsofaffin nan su ne kan gaba wallahi. Gwaggo ko inna ko wani tsohon ma'aikacin reluwe a unguwa, ki je da goro da sabulu ki zauna, ki kunna rikodin a waya, kada ki yi ta jero tambaya, ki miƙa musu hoton kawai ki yi shiru za ki sha mamaki. Matan sun fi riƙe labari, su suka san unguwar da aka zauna da maƙwabta Inyamurai da aka yi zaman mutunci da su, ai har magajin garin Inugu na farko Malam Umaru Altine ɗan Arewa ne.

Takardun kamfanin kwal suna gidan adana tarihi na ƙasa da ke Inugu, amma ki fara da na kusa, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar ABU a Samaru, sai Arewa House da gidan adana tarihi na Kaduna don tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo. In kina da wani a sashen tarihi na ABU ya raka ki.

Fitilar kada ki wanke ta da ruwa ko ki kankare ta da toka, ƙyalle busasshe ya isa. Hoton kuma kada ki kai a manne shi da leda mai zafi, ki ɗauke shi a waya gaba da baya ki tura wa 'yan uwa da yawa. Ki duba bayansa da kyau ko akwai hatimin mai hoto ko rubutun ajami, in akwai ki turo mana nan, akwai masu iya karantawa a cikinmu. Allah ya jiƙan magabatanmu.