Hukuncin kama babban kifin teku don nishaɗi a sake shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni ɗan Garwa ne, a su na tashi, mahaifina har yanzu a tafkin Lagdo yake kamun kifi. Neman abinci ya kai ni Kiribi, a bakin tekun Kamaru, ina aiki a jirgin wani mutum da ke shiga da baƙi cikin teku su yi fatsa. Ba don ci suke yi ba. Mutum zai kama kifin da ya fi shi nauyi, ya yi ta ja-in-ja da shi har kifin ya gaji, a jawo shi gefen jirgi, a ɗauki hoto, a cire ƙugiya a sake shi. Su suna cewa tausayi ne, kifin zai koma harkarsa. Amma ni na sha ganin wanda aka saka ya juya ciki sama, ko jini na zuba ta gefen kansa. Shin wannan ya halatta? Kuɗin da ake biyana fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa:

Ɗana, asalin kamun kifi halal ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa, abin amfani gare ku da matafiya. Lura da kalmar amfani. Mahaifinka da ke jefa koma a Lagdo yana cikin ayar nan dumu-dumu. Baƙin jirginku kuwa sai an duba, domin kifin ba cikinsu zai shiga ba, ba kuma kasuwa za shi ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan farautar wasa. Mai Risala ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal ce. Shehu Halilu a Muhtasar ya fi tsanantawa, ya haramta farautar abin da ake ci ba da niyyar yanka shi ba. Wani zai ce ai kifi ba a yanka shi, Annabi (SAW) ya ce mushen teku halal ne. Haka ne, amma dalilin hanin ba wuƙa ba ce, wahalar da mai rai ce a banza. A Sahihu Muslim an hana a mai da mai rai abin gwada harbi, an kuma ruwaito cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai. Kifi mai rai ne, rashin kukansa bai fitar da shi daga hadisan nan ba.

Saura maganar da suka rataya komai a kanta, wato kifin yana rayuwa bayan an sake shi. A nan malami ba ya yanke hukunci da ka, sai ya ji daga masana. Akwai wata na'ura da ake soka wa kifi a gadon baya. Tana rubuta zurfin da yake nitsewa da ɗumin ruwa, bayan 'yan kwanaki ta ɓalle ta taso, ta aika bayanin ta tauraron ɗan'adam. Kifin da ya mutu, sai a ga ya nitse bai sake tasowa ba. A 2005 masu bincike daga jihar Bajiniya ta Amurka sun fitar da sakamakon gwaji a kan farin malin, kifin nan mai dogon baki kamar mashi, a yammacin tekun Atalantika. Guda 20 da aka kama da ƙugiya mai zagaye duka sun rayu. Guda 20 da aka kama da ƙugiya miƙaƙƙiya, irin wadda ka saba da ita tun kana yaro, 7 sun mutu. Miƙaƙƙiyar kifi kan haɗiye ta da koto, ta kama maƙogwaro ko hanji ko wurin numfashinsa, wannan shi ne jinin da kake gani. Mai zagayen kuwa tsininta ciki ya lanƙwasa, sai ta zamo ta maƙale a kusurwar baki. Shi ya sa tun 2008 Amurka ta wajabta ta a gasar kamun irin waɗannan kifaye a Atalantika idan da koton kifi za a yi.

Ba ƙugiya kaɗai ke kashewa ba. Irin su malin da kifin tuna sai suna tafiya ruwa na ratsa bakinsu suke samun numfashi. Idan aka daɗe ana fama da shi, tsokarsa ta ƙage, aka kuma ɗago shi sama don hoto, to an haɗa masa gajiya da shaƙewa, kamar wanda ya yi tsere sannan aka toshe masa hanci. Jikinsa ma ba a halitta shi don ɗaukar nauyin kansa a wajen ruwa ba. Wani zai bar gefen jirgi da kyau, ku tafa, ya yi nisa kaɗan kifin shak ya same shi ba ƙarfin gudu.

Ke nan maganarsu ba ƙarya ba ce, da yawa suna rayuwa, amma da sharaɗi. Saki shi kaɗai ba ya zama shaidar tausayi.

Abin da ya bayyana gare ni shi ne, kama kifi don jin daɗin kokawa da hoto kawai, ko da an kiyaye shi, makaruhi ne, barinsa ya fi. Idan aka shigo da ganganci, kamar zaɓen siririn zare don faɗan ya yi tsawo a yi alfahari, ko jan kifi cikin jirgi a zauna a kansa, ko jefar da wanda aka san ba zai kai ba, to ya zama haramun, domin azabtarwa ce da ɓarnar abinci. Wanda ya ji ciwon mutuwa, in doka ba ta hana riƙe shi ba, a gama da shi nan take a ba mabukata.

Akwai kuma sakin da ba wasa a cikinsa. Masuncin da ya mai da ƙanana ko mai ƙwai, mai binciken da ke sa na'ura don a san yawan kifi, wanda ya bi dokar hukuma kamar hana kamun kifi da ake yi a Lagdo da damina don kifi ya hayayyafa, duk waɗannan halal ne, da niyya mai kyau har da lada. Hukuncin nan bai tsaya ga teku ba, ya hau kan masu zuwa kogin Faro kamun giwan ruwa su saka.

Kuɗinka halal ne, domin tuƙi da hidimar jirgi aka ɗauke ka, kuma mafi yawan abin da ake yi bai wuce karhanci ba. Ban ce ka bar aiki ka zauna ba. Amma hannunka ne ke ɗaura ƙugiya, don haka ɗaura mai zagaye da zare mai ƙarfi. Ka cire ta kifin yana cikin ruwa. In ta shige ciki kada ka fizga, yanke zaren kusa da baki. Kafin ka saka, riƙe shi a gefen jirgi ana tafiya sannu-sannu har ka ji ya fara bugun wutsiya da kansa. In mai jirgi ya tilasta maka abin da na ce haramun ne, ka gaya masa cikin ladabi ba za ka yi ba. In ya nace, ka fara neman wani jirgin. Wallahu a'alam.