Zancen bakwai da ka tambaya

Kai ɗan nan, wallahi sai da na yi dariya da na ga saƙonka, wai me ya sa komai na Larabawa bakwai ne, ko lambar sa'a ce. Daga baya kuma sai jikina ya yi sanyi, don ku yaran yanzu da an fara zancen lambar sa'a to ƙarshenta shagon caca ne. Allah ya sa ba can ka dosa ba.

Eh bakwai kam tana ko'ina, sammai bakwai, Fatiha aya bakwai, ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, kai ma ranar bakwai aka yanka maka rago. Amma Balarabe in ya ce saba'in ba lallai ƙirga yake ba, yawa yake nufi, je ka duba Tauba aya ta 80 inda aka ce ko sau saba'in aka nema wa munafukai gafara ba za a gafarta musu ba.

Ka tuna min da auren gwaggonka babba. Ina yaro aka aike ni da goro da sunanta da na manemin wajen wani tsohon malami a unguwarmu, wai ya yi hisabi a ga ko taurarinsu sun haɗu. Na same shi a zaure kan buzu, ya jawo faifai da yashi ya share da tafin hannu, yana ta abajada hawaza a ƙasan maƙoshi, don su Larabawa kowane harafi da adadinsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har dubu. Ya ce in matso, ya rubuta Muhammadu, mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ya ce nawa kenan, na tsaya ina ƙirga yatsu har ya dungure min kai ya ce 92 ne sakarai. Ya yi ta ɗiga yana gogewa, goron nan yana ta ci, ni duk ƙafata ta sage. Can sai ya ɗago ya ce yaron nan yana sallar asuba a masallaci? Na ce eh. Yana da gona? Na ce har biyu. Ya ce to je ka ce a ba shi. Lissafin ko sakamakonsa bai faɗa min ba.

Da na kai wa kakanka labari dariya ya yi, ya ce ai dama babansa yakan ce hisabi ba ya cika rumbu. Malaman yanzu ma da yawa sun ce duba ne a bari, ban ja da su ba, amma abin da ke damuna ku ba hisabin ba karatun, sai waya.

Zancen lambar arba'in da ka haɗa da shi a saƙon kuma sai ka zo gida, hannuna ya gaji da dannawa. Ka gaida babarka, ka ce mata maganin ƙafar nan ya ƙare.