Amsa ga Hajiya: shirin shiga jami'a daga aji biyar ake fara shi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ji saƙonki, kin ce 'yarki tana SS2, likitanci take so, kina tambayar me za ku fara yi tun yanzu. To, bari in amsa a nan cikin guruf don sauran iyaye su ma su amfana.

Abu na farko ba JAMB ba ne, Hajiya, takardu ne. Yau ɗin nan ki ɗauko takardar NIN ɗinta, da takardar haihuwa, da sunan da makaranta ta rubuta mata, ki jera su ki duba harafi bayan harafi. In a NIN an sa Aisha, a makaranta an sa Aishatu, ko an juya sunan uba ya koma gaba, ko ranar haihuwa ta bambanta, to a je ofishin NIMC a gyara kafin makaranta ta yi musu rajistar WAEC da NECO. Dalili shi ne tun 2021 JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, ba a rubutawa da hannu. In suka saɓa da na sakamakon sakandare, a wurin tantancewa a jami'a za a tsayar da yarinya, wani lokaci ma matsalar ta bi ta har lokacin bautar ƙasa. Ki lura da shekaru kuma, 16 ne mafi ƙanƙanta da ake karɓa.

Sai layin waya. A saya mata layi nata na kanta, wanda ba a taɓa yi wa wani rajistar JAMB da shi ba. Da shi za ta tura NIN zuwa 55019 ko 66019 a turo mata lambar furofayil, kuma ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Don Allah kada a yi amfani da layin mai shagon kafe, kada kuma a bar layin ya mutu. Yara da yawa a nan suke rasa gurbinsu, ba don ba su da ƙoƙari ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Yanzu darussa. Ana buƙatar kiredit biyar, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Ga mai son likitanci, ragowar ukun su ne Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu, wato a haɗa WAEC da NECO, amma a likitanci jami'o'i da dama zama ɗaya suke nema, don haka ta ɗauka cewa dama ɗaya gare ta. A JAMB kuma darussa huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Babu Lissafi a na likitanci, kin gane. Mai son injiniya shi ne zai cire Bayoloji ya sa Lissafi. Mai son lauya kuma ya tabbata yana da Adabin Turanci tun a sakandare, don in babu shi jami'o'i da yawa ba za su saurare shi ba. In aka yi kuskuren haɗin nan, ko yaro ya ci 300 ba zai samu kwas ɗin ba. Kundin JAMB na kwasa-kwasai yana shafinsu kyauta, a duba sharaɗin jami'ar da ake so kafin a biya kuɗi.

Jarrabawar kanta tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi, maki 400 gaba ɗaya. Ki lissafa, daƙiƙa 40 kenan ga kowace tambaya. Saboda haka karatu kaɗai bai isa ba, sai an saba da sauri. Daga zango na uku na SS2 ta sauke manhajar karatu ta JAMB, ta riƙa bin ta maudu'i bayan maudu'i, duk Asabar ta zauna ta yi tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanta. A kan kwamfuta fa, ba a takarda ba. Ta san A, B, C, D na zaɓar amsa ne, N na gaba, P na komawa baya. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, kada ta bar ko ɗaya babu amsa. A biya mata jarrabawar gwaji ta JAMB ma, tana cire tsoro.

Ga wani abu da ya shafi 'yan matanmu: lalle. Ana ɗaukar hoton yatsu goma ranar rajista, a sake tantancewa ranar jarrabawa. Lalle yana hana na'ura karanta yatsa, in kuma ba ta karanta ba, ba shiga. Ko bikin wa ake yi a gida, a haƙura da ƙunshi a watannin nan.

Kada makin da ake sanarwa a rediyo ya ruɗe ku. A 2025 an ce 150 ga jami'o'i, amma wannan ƙofar waje ce kawai, likitanci yana neman sama da haka nesa ba kusa ba, ga kuma Post-UTME, wato tantancewar da jami'ar kanta ke yi bayan JAMB. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Shi ya sa 'yar Kano ko Jigawa da ta sa BUK a zaɓin farko ta fi samun dama a kan ta sa wata jami'a mai nisa.

Da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, a je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinsu, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ba ta gurbi ba. Sannan a riƙa leƙa CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in gurbi ya fito a danna karɓa da wuri. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kada a biya wa kowa ko sisi a kansa.

In makin bai kai ba, akwai sauya kwas zuwa harhaɗa magunguna, jinya ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, akwai kuma IJMB, wato karatun share fagen jami'a, da ake shiga aji biyu na jami'a da shi ta DE, wato shiga kai tsaye. Ku tattauna wannan da ita tun yanzu, kafin sakamako ya fito hankali ya tashi. Allah ya ba ta sa'a, Hajiya.