An ce in yi auren rajista a Ikoyi don a rage mini haraji

Tambaya: Barista, ina aiki a wani kamfani a Apapa, ina zaune a Agege da iyalina. An ɗaura mana aure a Kano shekara 6 da suka wuce, 'ya'yanmu uku. Wani abokin aikina ya ce in na kai takardar aure ta rajistar Ikoyi za a rage mini haraji, har ya haɗa ni da wani mai yin ta cikin kwana biyu. Surukina kuma ya ce kada in kuskura, wai ta ƙofar auren rajista ake shirin shigo mana da auren jinsi. Na rasa wanda zan bi, abin har ya hana ni barci.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Dukansu biyu ba su faɗi daidai ba, amma gara ka bi maganar surukinka, ko da yake ba don dalilin da ya kawo ba.

A Najeriya harajin albashi kan mutum ɗaya yake hawa. Hukumar tara haraji ta Jihar Legas ba ta rage maka haraji don kana da mata. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a 2025 ta yafe naira 800,000 na farko a kuɗin shigar shekara, ta kuma ba da rangwame kan kuɗin haya, amma gwauro da magidanci duk ɗaya ne a wurinta. Abokin naka labarin ƙasashen waje ya jiyo. A Ingila miji ko mata na iya miƙa wa ɗayan fam 1,260 daga kason da ba a cire wa haraji, a Amurka kuma tun 1948 ma'aurata ke iya haɗa lissafin harajinsu wuri guda.

Daga nan ne ma maganar auren jinsi ta haɗu da maganar kuɗi a can. Wata mata, Edith Windsor, ta gaji abokiyar zamanta, aka caje ta harajin gado sama da dala 363,000, wanda da namiji ta aura ba za ta biya ko sisi ba. Ta kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta gaskiya a 2013, kuma a 2015 aka halasta auren a faɗin ƙasar. Hujjar masu goyon baya ita ce, tunda kowa na biyan haraji, bai kamata gwamnati ta ware wasu daga alfarmar aure ba. Masu adawa suka ce alfarmar tun asali don haihuwa da renon yara aka yi ta. A nan gida kuwa, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Babu magatakardan da zai ɗaura shi, a Ikoyi ko a wani wuri. Ka shaida wa Baba haka cikin ladabi.

Ko ya dace gwamnati ta fifita masu aure da kuɗi? Ni dai ban gamsu ba. Rangwamen haraji mai albashi zai kai wa, ba ɗan dako a Mile 12 ko mai sayar da rago a Alaba Rago ba. Kuma wane aure? Inshorar lafiya ta ma'aikata miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ta sani, mai mata biyu ya san yadda zai yi da sauran. Bazawara mai marayu biyar fa, laifin me ta yi? Kano ta gwada tata hanyar da auren gata tun 2012, a 2023 ma an aurar da mata 1,800 ga angwayensu, amma gado da katifa ba su biyan kuɗin makaranta. In taimako za a yi, a bi yaro, ba takarda ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai na faɗa a ofis har bakina ya gaji. Mutanenmu sun ɗauka takardar rajista shaida ce kawai, kamar rasit, ta auren da aka riga aka ɗaura a masallaci. Ba haka ba ne. Ranar da kuka sa hannu gaban magatakarda, kun ƙulla aure ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, kuma wannan aure mace ɗaya ya sani. Muddin yana nan, sashe na 35 ya hana ka ƙulla wani auren na gargajiya, sashe na 47 kuma ya tanadi ɗaurin shekara 5. Ba kasafai ake gurfanar da kowa ba, gaskiya ne, shi ya sa ake raina abin. Ɓarnar sai an mutu take fitowa.

Saki ma ya fita daga bakinka. Ka rubuta saki uku, ta yi idda, a idon doka tana nan matarka har sai Babbar Kotu ta raba ku bisa dokar rabuwar aure ta 1970, wadda ba ta ma yarda a shigar da ƙara cikin shekara 2 na farko ba sai da izinin alƙali. Ita ma matar ta shiga tarko, don in ta yi wani auren kafin nan, za a ce tana da miji.

Sai gado. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Wanda ya yi auren rajista ya rasu bai bar wasiyya ba, kotu na iya raba dukiyarsa bisa dokar gado ta jihar: matar rajista ta kwashe kayan amfanin gida da sulusi tun farko, maimakon tumuni, 'ya'ya maza da mata kaso ɗaya, uwa da uba kuwa, masu sudusi-sudusi a Musulunci, su tashi hannu rabbana. Wata baiwar Allah ta taɓa zama a gabana da goyo, ta ciro takardar ɗaurin aure ta masallaci daga cikin leda, duk ta yi laushi saboda ninki. Shekara 9 tana gidan mutumin a matsayin amarya. Ashe tun kafin ya auro ta ya kai uwargida rajista don neman biza. 'Ya'yanta na da haƙƙinsu, tsarin mulki ya kare su, amma ita da bakina na gaya mata cewa doka ba ta san ta a matsayin mata ba. Bizar ma bai samu ba.

Shi kuma mai "kwana biyu", ka guje shi. Doka ta ce a kafa sanarwa ta kwana 21 kafin a ba da izini, kuma ango da amarya su bayyana da shaidu biyu. Waɗannan 'yan cuwa-cuwa da ke tare mutane a bakin ƙofa, ko dai su sayar maka da jabu, ka shiga laifin ƙirƙirar takarda, ko su yi maka ta gaske, ka ɗaure kanka ba ka sani ba. Babu wanda zai zaunar da kai ya yi maka wannan bayanin, kamashonsa kawai yake hange.

Ban ce auren rajista laifi ne ba. Akwai matan da ya kare, akwai ma'auratan da suka zaɓe shi ido buɗe. In kai da maiɗakinka kuna so, ku zo tare a karanta muku sharuɗɗan, ka kuma rubuta wasiyya cewa a raba gadonka bisa Musulunci. In kuwa shaida ce kawai kamfaninku ke nema don inshora, ka fara kai musu takardar masallacin da aka ɗaura auren, haɗe da takardar rantsuwa daga kotu, ka ji abin da za su ce.