Allo Ya Yi Baƙi Ana Tsakiyar Wasa: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da laftof na hannu da na saya a Beirut Road, mai katin zane na NVIDIA. In na kunna wasan GTA V sai ya yi kamar minti 15 lafiya lau, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin, wani lokacin kuma wasan ya rufe da kansa. Na goge na sake saukewa har sau biyu, data ta tafi a banza. Me zan yi? Daga wani ɗalibi a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko dai ka daina sake saukewa, ka tausaya wa aljihunka. Wasan da ya tashi har ya yi minti 15 yana gudu, da wuya a ce fayilolinsa ne suka lalace.

Ranar da ya sake yi, ka kasa kunne. Idan allo ya ɗauke amma sauti na tafiya, mai yiwuwa direban katin zane ne ya sarƙe, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ƙara kaɗan, sau da yawa hoton zai dawo. Windows daƙiƙa 2 kacal yake jiran katin, in bai amsa ba sai ya sake tayar da direban, a nan wasa yake rufewa. Ka leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, lamba 4101 ita ce shaidar hakan. Maganinsa a cire tsohon direba da manhajar goge direba mai suna DDU cikin Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai), a ɗora sabo daga shafin NVIDIA.

Amma wannan minti 15 ɗin shi ya fi tsaya mini a rai, domin alamar zafi ce. Mu a Kano ƙurar hunturu tana shiga fanka ta daskare kamar auduga a bakin mafitar iska, sannan bazara ta zo a Afrilu da zafin da ke haura digiri 40. Ga shi laftof na hannu, mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe tun kafin ya shigo Najeriya. Na sha buɗe irinsa in tarar man ya zama kamar alli. Ka ɗora manhajar auna zafi ta HWMonitor, ka kunna wasan, ka lura da ma'auni. In katin yana kusantar digiri 90 kafin allo ya ɗauke, ka kama ɓarawonka. Kai wa mai gyara ya buɗe, ya share fanka, ya shafa sabon mai. Kuma don Allah a daina ɗora laftof kan katifa ko darduma, ta ƙasa yake shaƙar iska.

Idan kuwa kwamfutar gaba ɗaya take mutuwa, ba sauti ba fanka, ka duba caja. Sau da yawa na hannu ana haɗa su da cajar da ba tasu ba. Laftof mai buƙatar wat 150 ba zai riƙe wasa da cajar wat 65 ba. Wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka ma tana jawo haka.

Kafin ka samu zuwa wurin gyara, ka rage ingancin hoto a saitin wasan, ka ƙayyade shi a firam 30 (wato hoto 30) cikin daƙiƙa, ka ɗaga bayan laftof ɗin da littafi. In ya wuce minti 15 bai ɗauke ba, ka rubuto mini da adadin zafin da ka gani.